Kafin A Rufe Fayil, A Fara Ganin Yaron

A kowace jiha ta ƙasar nan akwai wani ofishi, galibi a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin mata ko ta jin daɗin jama'a, wanda can ne ake kai jaririn da aka tsinta a juji, da yaron da ya ɓace a tashar mota, da yarinyar da uwar riƙo ta ƙona da dutsen guga. Ma'aikatan wannan ofishi su ne ke bincike, su rubuta wa alƙali rahoto, su kuma ba da shawarar a mayar da yaro gidan da aka ɗauko shi ko kada a mayar. Wannan hukunci ne mai nauyin gaske, domin kuwa idan aka yi kuskure a cikinsa, wanda abin zai faɗa wa a ka yaro ne da ba shi da bakin kai ƙara. A wannan mako za mu dubi mutumin da ba a cika ambatonsa ba a wannan harka, watau shugaban sashe, wanda aka ɗora wa alhakin zama da ma'aikaci ya bi diddigin abin da ya yi da abin da ya bari. Ra'ayin wannan fili shi ne, ran yaro ya rataya a kan wannan zama fiye da yadda ya rataya a kan kowace doka da majalisa za ta zartar.

Labarin da ya fi kowane fito da wannan magana fili ya faru ne a birnin Landan, yarinyar da abin ya shafa kuwa 'yar Afirka ta Yamma ce. Sunanta Victoria Climbié, an haife ta a 1991 a Abobo, kusa da Abijan a ƙasar Kwaddebuwa. A ƙarshen 1998 gwaggon mahaifinta, wadda ke zaune a Faransa, ta zo gida ta nemi a ba ta yarinyar riƙo, tare da alkawarin za ta sa ta makaranta a Turai. Iyayen suka amince, kamar yadda yawancinmu za mu amince idan 'yar'uwa ta jini ta zo da irin wannan tayi. Daga Faransa matar ta wuce da ita Ingila a watan Afrilu 1999, da fasfo mai ɗauke da wani suna dabam, tana gaya wa kowa cewa 'yar cikinta ce. A watan Yuli suka tare a ɗakin wani direban bas a unguwar Tottenham, kuma kafin watan ya ƙare sau biyu aka kwantar da yarinyar a asibiti. A karo na farko an kai ta da tabo da raunuka, babbar likita ta ce ƙazuwa ce. A karo na biyu an kai ta da ƙunar ruwan zafi a ka da fuska, ta yi kusan mako biyu a kwance.

Daga asibitin ne aka miƙa al'amarinta ga ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Haringey, aka ɗora shi a wuyan wata matashiyar ma'aikaciya da ba ta daɗe da gama karatu ba. An shirya za a je a ga gidan kafin a sallami yarinyar, amma sai aka soke ziyarar saboda tsoron kamuwa da ƙazuwa, ranar 6 ga Agusta kuma aka mayar wa matar da ita. Da sanyi ya shigo, a cikin bahon wanka Victoria take kwana, hannu da ƙafa a ɗaure, an zura ta cikin jakar leda ta shara, ga duka ga yunwa. Ta rasu ranar 25 ga Fabrairu 2000 tana da shekara 8, likitan da ya duba gawarta ya ƙirga raunuka da tabo 128 a jikinta. A watan Janairu 2001 kotu ta ɗaure matar da direban rai da rai. Abin da ya fi tayar da hankalin mutanen Ingila shi ne, a ranar da yarinyar ta cika, a ranar ce ofishin Haringey ya rufe fayil ɗinta, bayan an ƙwanƙwasa ƙofa ba a amsa ba an yi zaton sun koma Faransa.

Gwamnati ta naɗa Lord Laming, wanda ya taɓa zama babban sufeton ayyukan jin daɗin jama'a na ƙasar, ya binciki yadda aka yi haka ta faru. Rahotonsa ya fito a watan Janairu 2003 da shawarwari 108. Binciken ya nuna cewa ofisoshin jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi huɗu, da asibitoci biyu, da 'yan sanda, duk sun san da zaman yarinyar, kuma aƙalla sau 12 aka sami damar ceto ta aka bari ta wuce. Ya nuna cewa ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗin tana da al'amura 19 a hannunta, alhali ƙa'idar ofishin nasu ta ce kada a wuce 12. Sau huɗu kacal ta ga Victoria cikin wata bakwai, maganar da ta shiga tsakaninsu kuwa ba ta wuce gaisuwa ba. Da aka zo kan shugabar sashenta, sai ma'aikaciyar ta shaida wa kwamiti cewa sau da yawa ba a samun shugabar a ofis, idan kuma an sami zama, akan ɓata lokacin ne a kan labarin rayuwar shugabar da sha'anin addininta. An yi tarurruka an lissafa ayyukan da za a yi, amma ba wanda ya komo ya tambaya ko an yi su, ba kuma wani na gaba da ya zauna ya karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe.

Mai karatu ya tsaya ya dubi irin tambayoyin da shugaba mai hankali zai yi da an yi zaman kirki ko da na sa'a guda ne. Kin keɓe da yarinyar kin yi magana da ita ba a gaban matar ba? Da wane harshe, tun da Faransanci ta fi ji? Me ya sa yarinya mai shekara bakwai ba ta zuwa makaranta? A ina take kwana a wannan ɗaki guda? Wa ya ga tafiyarsu Faransa da idonsa? Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da ke bukatar kuɗi ko sabuwar doka, kuma amsar kowace ɗaya ta isa ta juya akalar binciken. Akwai ma wani abu da ya kamata mu 'yan Afirka mu yi wa dogon nazari. Masu jinya sun lura cewa duk lokacin da matar ta shigo ɗakin marasa lafiya, sai yarinyar ta zabura ta miƙe ƙyam kamar soja a gaban hafsa. Ma'aikaciyar, wadda ita ma baƙar fata ce, ta ɗauki wannan a matsayin ladabin da ake koya wa yara a gidajen baƙar fata. Ladabi dabam, tsoro dabam, kuma duk uwar da ta yi reno ta san bambancinsu. Abin da aka rasa shi ne babba mai gogewa wanda zai ce mata ta sake dubawa.

Kada a ɗauka cewa wannan sakaci ne na mutum ɗaya. Farfesa Eileen Munro ta Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan ta bi rahotanni 45 na binciken cin zarafin yara a Ingila, ta wallafa sakamakonta a 1999, inda ta nuna cewa kuskuren da ya fi yawa shi ne, da zarar ma'aikaci ya yanke wa iyali hukunci a ransa tun ganin farko, da wuya ya sauya, ko da sababbin alamu sun bayyana. Haka aka yi da Victoria. Matar ta shigo ofis ne da kukan rashin muhalli, saboda haka aka rubuta ta a matsayin uwa mai neman wurin zama, daga nan kuma duk abin da ya biyo baya da wannan ido aka dube shi. Halin ɗan Adam ne, ba ya ganin ƙeyarsa sai an nuna masa. Ga kuma tsoro, domin mai shiga gidan da ake dukan yaro shi ma yakan ji shakkar masu gidan, har ya riƙa jin daɗi a ɓoye idan ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Wanda bai taɓa shan ruwan gidan ba, bai ji daɗin bakin matar ba, bai kuma ji tsoron mijin ba, shi ne zai iya duban al'amarin da sanyin zuciya. Amfanin shugaban sashe ke nan.

Masana wannan fanni sun daɗe da tsara abin da ake nufi da duba aiki. Farfesa Alfred Kadushin na Jami'ar Wisconsin ta Amurka, a littafin da ya wallafa a 1976, ya kasa shi gida uku. Na farko shi ne tafiyar da aiki, watau raba al'amura daidai ƙarfin kowa, da tabbatar da cewa an yi ziyara a kan lokaci an kuma rubuta abin da aka gani. Na biyu shi ne koyarwa, domin takardar shaidar makaranta ba ta koya wa mutum bambance tabon faɗuwa da tabon bulala, ko yadda ake sa yaro mai jin tsoro ya buɗe baki. Na uku shi ne tallafa wa ma'aikacin kansa, wanda kullum yake ganin abin da ke hana barci, wanda idan ba shi da inda zai sauke abin da ke ransa, ko dai ya bar aikin ko zuciyarsa ta bushe ya daina ganin yara sai takardu. Murhu ne mai duwatsu uku, in aka janye ɗaya tukunya ta kife. A Haringey duk ukun aka janye, sa'an nan da abin ya ɓaci aka kori ƙaramar ma'aikaciya aka hana ta aiki da yara, har sai da wata kotu ta soke hanin a 2005. Shugaban ma'aikatan ƙaramar hukumar kuwa babban muƙami na ƙasa ya samu. Lord Laming bai ɓoye ba, ya ce kaso mafi girma na laifin yana wuyan manyan da ke sama.

Daga cikin shawarwarinsa akwai guda uku da suka dace da kowane ofishi a duniya. Ya ce tilas ne a riƙa duba aikin duk mai hulɗa da yara a kai a kai, mai dubawa ya karanta fayil ya sa hannu. Ya ce manyan jami'ai su riƙa zaro fayiloli ba tare da sanarwa ba, aƙalla sau ɗaya cikin wata uku, su ga abin da ke ciki. Ya kuma ce kada a rufe al'amarin yaron da ke cikin haɗari sai an ga yaron da mai riƙonsa an yi magana da su. Wannan rahoto ne ya haifar da Dokar Yara ta 2004 a Ingila. Amma abin mamaki, a watan Agusta 2007, a wannan ƙaramar hukuma ta Haringey dai, wani yaro ɗan wata 17 mai suna Peter Connelly ya mutu da raunuka fiye da 50, bayan ma'aikata da likitoci da 'yan sanda sun gan shi kimanin sau 60 cikin wata takwas. Da gwamnati ta nemi Farfesa Munro ta sake nazarin tsarin baki ɗaya, rahotonta na 2011 ya nuna cewa gyaran ya rikiɗe ya koma cike-ciken takardu a kwamfuta, shugabanni na ƙirga ko an cike fom cikin kwanakin da aka ƙayyade, ba sa tambayar ko yaron ya sami sauƙi. Darasin a nan shi ne, sa hannu a fayil ba ya wadatarwa idan mai sa hannun bai zauna ya yi tunani tare da ma'aikacinsa ba.

To, ina muka kwana a nan gida? Wannan aiki ba baƙo ba ne a Nijeriya. A Ikko aka fara shi a farkon shekarun 1940, lokacin da yaran da ke kwana a titi suka yawaita a zamanin yaƙin duniya na biyu, har aka yi Dokar Yara da Matasa ta 1943. A 2003 aka yi Dokar 'Yancin Yara ta tarayya, wadda ta tanadi kotunan iyali da ƙa'idojin riƙo da rajistar gidajen marayu, jihohi kuma suka yi ta ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya, har Jihar Kano ta sa hannu a kan tata Dokar Kare Yara a 2023. An kuma yi dokar 2022 da ta kafa majalisar da za ta yi rajistar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta tsara sana'arsu. Ta fuskar doka dai ba mu da ƙarancin komai. Sai dai ya kamata mu tuna cewa Lord Laming ya ce dokar da Ingila ke da ita a lokacin Victoria ba ta da wani babban aibi, wajen aiwatarwa ne aka faɗi.

Girman bukatar kuwa ba a ɓoye yake ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da taimakon UNICEF ya nuna cewa shida cikin kowane yara goma na ƙasar nan sukan gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. A watan Agusta 2020 aka ceto wani yaro maraya a Birnin Kebbi wanda aka ce ya yi shekara biyu a ɗaure a turken awaki. Irin waɗannan labarai sukan cika jaridu na mako guda, manya su kai ziyara a ɗauki hoto, sa'an nan kowa ya watse. Daga ranar ne aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a yake farawa, na neman dangi, da tantance wanda za a ba yaron, da komawa bayan wata uku a ga ko yana ci yana zuwa makaranta. A ofisoshi da yawa wannan ma'aikaci da kuɗin aljihunsa yake hawa babur ya je ziyara, na gaba da shi kuma ya hau kujerar ne saboda daɗewa a aikin gwamnati, wataƙila ma daga wani sashe aka kawo shi, duba aiki a wurinsa bai wuce rajistar zuwa da tashi ba.

Saboda haka wannan fili yana kira ga kwamishinoni da manyan sakatarori na ma'aikatun da abin ya shafa, daga Ikko har Maiduguri, da su ɗauki matakai biyar waɗanda ba su fi ƙarfin kowace jiha ba. Na farko, kada a naɗa kowa shugaban sashen yara sai wanda ya karanci aikin, ya kuma taɓa shiga gidaje da ƙafarsa, sa'an nan a ba shi horo na musamman kan duba aiki, domin iya aiki dabam, iya duba na wani dabam. Na biyu, a wajabta zaman ido da ido tsakanin shugaba da kowane ma'aikaci aƙalla sau ɗaya a wata, sabon ma'aikaci kuwa fiye da haka, a bi yara ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da aka yanke da ranar da za a komo a kansa. Na uku, a ƙayyade yawan al'amuran da mutum ɗaya zai riƙe, idan an wuce ƙa'ida shugaba ya rubuta wa na sama, domin alhakin ya koma inda ikon ɗaukar ma'aikata yake. Na huɗu, a ware kuɗin mota na ziyara a ba shugaban sashe ikon fitar da shi, tun da ba dama ka tuhumi mutum da rashin zuwa inda ba ka ba shi abin hawa ba. Na biyar, wanda shi ne uwa uba, kada a rufe fayil ɗin yaro, kada a mayar da shi gidan da aka cuce shi, sai an gan shi an keɓe da shi an yi magana da shi cikin harshen da yake ji. Yaron Bahaushe da aka tsinta a Agege ko a Sabo ta Ibadan yana bukatar mai jin Hausa, haka nan ɗan Ibo da aka tsinta a Sabon Gari ta Kano yana bukatar mai jin harshensa.

Sabuwar majalisar ma'aikatan jin daɗin jama'a ma tana da rawar takawa. Kamata ya yi ta sa shaidar duba aiki cikin sharuɗɗan sabunta rajista, kuma duk ranar da aka kawo mata ƙarar wani ma'aikaci, ta nemi ganin littafin zamansa da shugabansa kafin ta yanke hukunci. In babu littafin, to masu amsa tambaya sun zama biyu. 'Yan majalisun jihohi da suka zartar da dokokin yara su ma su riƙa tambaya a lokacin kasafin kuɗi, ma'aikata nawa ne a sashen, yara nawa ne a hannun kowane, kuma wa ke duba su.

Mu kuma iyaye, riƙo al'adarmu ce mai kyau wadda ta raya marayu ta ilmantar da 'ya'yan talakawa ba iyaka, babu mai cewa a bar ta. Amma wanda ya ba da ɗansa riƙo bai sauke nauyin da ke kansa ba. Ya riƙa zuwa, ya riƙa aikawa, ya nemi jin muryar yaron da kunnensa, domin gani ya kori ji. Maƙwabcin da ya kai rahoto ofis shi ma kada ya tsaya a ƙofar farko. Idan mako ya zagayo bai ga an zo ba, ya koma ya nemi shugaban sashen, ya tambaye shi ko wani ya ga yaron da idonsa. Allah ya kare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.